Ƙari a Kan Tayin Wani a Cinikin Gida

Ƙari a kan tayin wani shi ne mutum ya tarar ana cinikin gida ko fili, wani ya riga shi tayawa, shi kuma ya ba da kuɗin da ya fi na wancan domin a sayar masa. A bakin mutane ana ce da shi shiga ciniki, ko ciniki a kan ciniki. Yana cikin ƙararrakin da ke zuwa gaban fastoci da dattawan ikilisiya, kuma kafin a kawo shi yawanci an riga an ɓata. Iyalai biyu sun daina gaisawa, matansu sun raba wurin zama a zumuntar mata. Tambayar da ake yi mana ita ce ko zunubi ne, ko kuwa harkar kasuwa ce wadda ba ruwan ikilisiya da ita.

Matsayinmu shi ne hukuncin yana bin inda cinikin ya kai. Muddin mai gida bai sallama ba, ƙofa a buɗe take, wanda ya ƙara bai zalunci kowa ba. Da zarar ya sallama, gidan ya shiga maganar wani, ko da ba a rubuta ko harafi ɗaya ba. Wanda ya zo da ƙari a lokacin, yana kuma sane, biyan mai gida yake yi don ya karya maganarsa. Faɗin wannan da sauƙi. Wahalar tana wajen gane inda sallama take, da kuma wasu cinikayya waɗanda sallamarsu ba ta tsaya da ƙafafunta ba tun farko.

Abin da ya sa batun ya taso a yankinmu

A ƙauyuka irin su Wurogauri da ke Ƙaramar Hukumar Kalgo, da can gida abin gado ne. Baƙo in ya zo zama, mai gari yake samu a nuna masa inda zai kafa. Abubuwa sun sauya tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha. A 2013 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta yake a ƙasar Kalgo. Ma'aikata da malamai da ɗalibai suna neman wurin kwana, filin da dā ake noma gero a ciki yanzu ana auna shi ana yankawa. Wanda bai iya kuɗin Birnin Kebbi ba sai ya waiwayi Kalgo, ko ya duba wajen Gwandu.

Masu bi a wannan yanki ba mu da yawa. Akasarinmu aiki ko kasuwanci ya kawo mu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu shaguna. Wasu daga ƙasar Zuru da Yawuri suke, wasu daga nesa, akwai kuma iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Kusan kowa haya yake yi, kusan kowa yana son nasa. Da gida ɗaya ya fito kasuwa a unguwar da muke zaune, duk ikilisiya za ta ji kafin Lahadi. Shi ya sa sau da yawa wanda ka ƙara a kan tayinsa ba baƙo ba ne, wanda kuke cin Jibin Ubangiji tare ne.

Yadda ciniki yake tafiya

Mai gida yakan sa gidansa a hannun dillali. Dillali ya kawo mai saye, a zagaya a duba, mai saye ya taya. In tayin bai yi ba, mai gida ya ce albarka. A nan babu wanda ya ɗaure wani. Mai saye yana iya tafiya bai sake dawowa ba, mai gida kuma yana iya sauraron duk wanda ya zo. In aka ja har suka haɗu a kan kuɗi ɗaya, mai gida ya ce ya sallama, sai a ce ciniki ya faɗa. Daga nan ake ba da kafin alƙalami, a sa ranar cika kuɗi, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya shaida, a miƙa makulli.

A ce malamin firamare ya taya gida naira miliyan 4, mai gida ya ce albarka. Washegari wani ɗan kasuwa ya zo ya taya miliyan 4 da rabi, aka sallama masa. Malamin zai ji zafi, amma ba a ƙwace masa kome ba, domin ba a ba shi kome ba. Riga tayawa ba mallaka ba ce. Mun nanata wannan ne saboda akwai 'yan'uwa da ke ganin da zarar sun leƙa gida sun ce suna so, duk wanda ya taɓa shi ya ci amanarsu. Mai gida ma yana da haƙƙi. Wataƙila gidan shi ne duk abin da ya tara a rayuwarsa, ba daidai ba ne a ɗaure shi da tayin da bai karɓa ba.

Yanzu a juya labarin. An sallama wa malamin a miliyan 4, an sa masa ƙarshen wata. Ya sayar da shanu biyu a gida, ya karɓi rance a ƙungiyar ma'aikata, ya gaya wa mai gidan da yake haya zai tashi. Ana saura mako ɗaya ɗan kasuwar ya samu mai gida da dare da miliyan 5 a hannu. Gida ɗaya ne, mutanen ma su ne, amma wannan wani aiki ne dabam. Kuɗin da ya ɗora ba na gida ba ne kawai. Miliyan ɗayan da ke sama kuɗin fasa alkawari ne.

Akwai tsakiya mai duhu. Wani lokaci mai gida bai furta kalmar sallama ba, amma sun daidaita, ya ce a dawo gobe da shaidu, ko ya ce bari ya sanar da ƙanensa. Mu muna lissafa wannan a gefen sallama. Wanda ya ga mutum biyu sun kai nan, ya kutsa yana cewa ai ba a faɗi kalmar ba, ya san abin da yake yi.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Babu ayar da ta ambaci ƙari a kan tayi da suna, amma akwai cinikin ƙasa da dama a cikin Littafi Mai Tsarki, kuma yadda aka yi su yana koyarwa. Ibrahim ya sayi kogon Makfela daga hannun Efron a kan shekel 400 na azurfa don ya binne Saratu. A ƙofar gari aka yi, Hittiyawa suna ji suna gani (Farawa 23). Irmiya ya sayi gonar Anatot daga Hanamel ɗan kawunsa a kan shekel 17, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya ba Baruk takardun ya ajiye a tukunyar ƙasa don su daɗe (Irmiya 32). Dukansu a fili aka yi. Shiga ciniki kuwa kusan kullum a ɓoye ake yinsa, da dare ko ta waya, tare da roƙon kada wane ya ji tukuna.

Labarin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Bo'aza a Rut sura 4. Bo'aza yana son ya fanshi gonar Elimelek, ya kuma auri Rut. Yana da kuɗi, yana da suna a Baitalami, Rut ma ta riga ta nuna shi take so. Sai dai akwai wani dangi da ya fi shi kusa, wanda hakkin fansa ya fara faɗawa a kansa. Da Bo'aza ya ga dama da ya gama da Na'omi a cikin gida, mutumin ya ji labari bayan an gama. Bai yi haka ba. Ya je ƙofar gari ya zauna, ya kira mutumin, ya kira dattawa 10, ya shimfiɗa maganar, ya ba shi zaɓi tukuna. Abin lura shi ne mutumin da farko ya ce zai fansa. Wato Bo'aza ya sa kansa inda zai iya rasa abin da yake so, a gaban jama'a. Sai da aka kawo maganar Rut mutumin ya janye, ya tuɓe takalminsa ya ba Bo'aza, shaidar ya sauka. Gaskiya ne haƙƙin mutumin na dangantaka ne, ba na riga ciniki ba. Amma hanyar ita ce hanyar: in wani yana gabanka, ka same shi ido da ido, ka bar shi ya sauka da bakinsa.

Ahab kuma ya nuna ɗaya gefen (1 Sarakuna 21). Tayin da ya yi wa Nabot ba shi da aibi. Ya ce zai ba shi gonar inabin da ta fi tasa, ko ya biya kuɗinta. Nabot ya ƙi, domin gadon kakanninsa ce. Laifin Ahab ya fara ne daga inda ya kasa ɗaukar wannan amsa. Ya koma gida ya kwanta ya ƙi abinci, har Yezebel ta samo masa hanya. Duk wanda aka gaya masa an riga an sallama, ya kasa barci yana lissafin yadda zai juya maganar, ya duba ko ba a kan gadon Ahab yake kwance ba.

Doka ta goma ta hana ƙyashin abin maƙwabci, kuma a Fitowa 20:17 gida ne abu na farko da aka ambata. Wani zai ce gidan da ke kasuwa ba na maƙwabci ba ne tukuna. Kafin sallama haka ne. Bayan sallama kuwa, abin da ya rage tsakanin mai saye da gidan shi ne cika kuɗi da takarda.

Sai maganar baki. Zabura 15, da take lissafa halayen wanda zai zauna a gaban Ubangiji, ta sa mutumin da ba ya sauya alkawarinsa ko da cika shi zai jawo masa hasara. Yesu ya koyar cewa amsar mai bi ta isa ba sai da rantsuwa ba (Matiyu 5:33-37), Yakubu ma ya maimaita (Yakubu 5:12). Wannan ya shafi mai bin da ke sayarwa kai tsaye: in ka sallama ka sallama, ko an kawo maka ninki. Mai saye kuwa yakan kāre kansa da cewa ba shi ya yi alkawari ba, mai gida ne, in ya karya shi da Allah. Wannan hujja ba ta tsaya ba. Ubangiji ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ta hanyarsa tuntuɓe ke zuwa (Luka 17:1-2). Mai gida yana zaune a kan maganarsa har ka zo da jakar kuɗi. Laifinsa nasa ne, amma kai ka kawo masa shi har gida.

Abin da maƙwabtanmu suka sani

A ƙasar Gwandu yawancin waɗanda za su sayar mana da gida Musulmi ne, kuma yana da amfani mu san cewa addininsu ya yi magana a kan wannan abu dalla-dalla. Akwai hadisan da suka hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ko ya taya a kan tayinsa. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ake bi a nan, ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa hanin yana farawa ne daga lokacin da mai kaya ya karkata ga mai saye, ana maganar sharuɗɗa, amma babu laifi mutane da yawa su taya kayan da aka fito da shi kasuwa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure, ita ma a nan ta ja iyakar. Sun kuma hana abin da suke kira najash, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, don kawai kuɗin ya hau a ruɗi mai saye na gaskiya.

Ba mun kawo wannan don mu ɗauki hukuncinmu daga can ba ne. Mun kawo shi ne don mai bi ya san idon da ke kallonsa. Mai unguwa da limamin unguwa da dattawan da ke zaune a ƙofar gida duk sun san shiga ciniki abin kunya ne. In Kirista ya yi, ba za a ce wane ya yi ba, za a ce haka suke. Inda muke 'yan kaɗan, abin da mutum ɗaya ya yi yana iya rufe wa iyalai goma ƙofar samun gida.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne. Sashe na 22 ya ce wanda ke da izinin gwamna ba zai miƙa shi ga wani ba sai da yardar gwamna, sashe na 21 kuma ya sa miƙa izinin gargajiya, irin na ƙauyuka, a ƙarƙashin amincewar ƙaramar hukuma. Kotunan Najeriya sun daɗe suna cewa sayar da ƙasa bisa al'ada yana bukatar a biya kuɗi, a yi a gaban shaidu, a kuma miƙa wurin ga mai saye. Suna kuma bambanta kuɗin da aka ajiye don riƙe ciniki da kuɗin da aka biya a matsayin wani ɓangare na farashi. Inda aka ƙulla ciniki sosai aka biya wani ɓangare, kotu tana iya tilasta mai gida ya cika cinikin. Saboda haka mai ƙari ba lamirinsa kaɗai yake sa a hatsari ba, yana iya biyan kuɗin gidan da za a shekara ana shari'a a kansa.

Amma wanda aka sallama masa da baki kawai, bai biya ba, bai shiga ba, da wuya kotu ta ba shi gidan. A nan ne wasu ke cewa tun da doka ba ta hana ba, shi ke nan. A Ingila dokar 1989 ta ce cinikin gida ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya, kuma tsakanin yarda da baki da sa hannun ana ɗaukar makonni. A wannan tsakani mai gida yana iya juyawa ga wanda ya ƙara, ba wanda zai kai shi ƙara. Abin ya zama sananne har suna da suna na musamman da suke kiransa da shi, amma su ma ba sa ɗaukarsa halin kirki. Doka tana faɗin abin da kotu za ta iya tilastawa. Abin da mai bi zai yi ba a nan ya tsaya ba.

Wuraren da ke da wuya

Mafi wuya shi ne inda mai saye na farko ya cuci mai gida. Gwauruwa ce, ɗanta yana asibiti, ba ta san kasuwa ba, an sa ta ta sallama gidan miliyan 8 a miliyan 4. Littafin Firistoci 25:14-17 ya hana cutar juna a cinikin ƙasa, kuma ba za mu ce mai bi ya gani ya yi shiru don wai an sallama ba. Sallamar da aka samu ta hanyar ruɗi ba ta da nauyin wadda aka yi ido buɗe. Amma gyaran ba shi ne ka lallaɓa ka ba ta miliyan 5 ka ɗauke gidan ba, domin kai ma ka cuce ta, ka dai rage. A kai maganar gaban danginta da mai unguwa, a kira masu sanin kuɗin gida su kimanta, a ba mai saye na farko dama ya cika kuɗin gaskiya. In ya ƙi, ciniki ya buɗe. A ganinmu ya fi kyau wanda ya tona maganar kada ya zama shi ne mai saye. In ka ga ba za ka buɗe baki ba sai in gidan zai dawo hannunka, to ba tausayin gwauruwar ne ya tashe ka ba.

Akwai kuma mai sayen da aka sallama masa ya ɓace. Wata ɗaya, wata uku, kullum gobe. Sallama ba ta ɗaure mai gida har abada, musamman yadda kuɗi ke lalacewa a hannu. In wa'adi ya wuce, mai gida ya sanar da shi a gaban waɗanda suka shaida, ya mayar masa da kafin alƙalaminsa, sa'an nan ya saurari wani. In ba a sa wa'adi ba tun farko, a sa yanzu. Sabon mai saye ya jira a yi wannan a kan idonsa, kada ya karɓi "ai mun rabu" daga bakin mutum ɗaya.

Gidan gado yana bukatar hattara ta musamman. In ɗaya daga cikin magada ya sallama ba da sanin sauran ba, bai sallama abin da yake nasa shi kaɗai ba. A mazhabar Malikiyya kuma akwai shufa'a: wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da ikon karɓar kason da abokin tarayyarsa ya sayar wa bare, ya biya daidai kuɗin da aka saya. Ba a ba maƙwabci wannan iko ba, sai mai tarayya. In haka ta same ka, ba shiga ciniki aka yi maka ba, kuma ba don addininka ba ne. Dangin Bo'aza ne ya fito bai tuɓe takalminsa ba.

Sai ɗan haya. In ba an rubuta a yarjejeniya ba, doka ba ta ce a fara yi masa tayi ba, amma al'ada ta san ya kamata. Iyalin da suka shekara 12 a gida, 'ya'yansu suna makarantar unguwar, suna ta haɗa kuɗi, kai kuma gida na uku kake nema ka zuba 'yan haya. Ba a sallama ba, ba za mu ce ka yi zunubi in ka ƙara ba. Amma Ishaya 5:8 ya yi kaito ga masu haɗa gida da gida har wasu su rasa wuri, misalin Natan kuma na mai garke ne da ya ɗauki 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci (2 Sama'ila 12). Mutum ya karanta su kafin ya kira dillali.

Wani abu kuma da ya keɓanta da mu. Ɗan'uwa ya tashi a taron addu'a na tsakiyar mako ya ce a taya shi addu'a, yana cinikin gida a wuri kaza, saura kaɗan ya cika. Wani ya ce amin, da safe ya nemi mai gidan. Ko ba a sallama ba, wannan cin amana ne, domin labarin ba a kasuwa ya same shi ba. Ikilisiyar da aka yi haka a cikinta sau ɗaya, mutane za su daina kawo damuwarsu gaban 'yan'uwa. Haka ma in ikilisiya ce da kanta ke saye, gidan fasto ko filin makaranta. Kwamiti kada ya ce aikin Allah ne, saboda haka a ture kowa. Baikon jama'a ba a sayen karya alkawari da shi.

Dillali

La'adar dillali tana bin yawan kuɗin ciniki. In kashi 5 cikin 100 ce, miliyan 4 tana ba shi naira 200,000, miliyan 5 kuma 250,000. Ba mu ce duk dillalai maƙaryata ne ba, a cikinmu ma akwai masu wannan sana'a da gaskiya. Amma mutum ya san ƙarya biyu da ke yawo a harkar. Ta farko, a ce maka wani ya taya sama da kai alhali babu kowa. Ta biyu, a ce maka ba a sallama ba alhali an sallama. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka ga mai gidan da kanka, da mutum ɗaya a gefenka, ka tambaye shi, "Alhaji, akwai wanda kuka yi magana da shi a kan gidan nan? Kun tsaya a kan wani abu?" Sa'an nan ka gaida mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so in shiga cinikin gidan wane, ko akwai abin da ya kamata in sani?" Mai bin da ke dillanci kuma kada ya ɗauki mai saye na biyu ya kai shi gidan da ya san an sallama.

Ladabin ƙari, da abin yi in an riga an yi ɓarna

Inda ƙari ya halatta ma akwai yadda ake yinsa. Ka taya abin da za ka iya biya, kuma kana nufin saye. Kada ka ɓata sunan mai saye na farko wurin mai gida, kana cewa ba shi da kuɗi ko ba ya cika magana. Kada ka kushe gidan a kunnensa don ya janye. In ɗan'uwa ne a ikilisiya, ka same shi kafin ka taya, ka ce, "Baba, na ji kana neman gidan nan, ni ma ina da sha'awa. Ina kuka tsaya?" Zai yiwu ya ce ya haƙura, zai yiwu ya roƙe ka mako biyu. Abin da ya fi ciwo a wannan harka ba rasa gidan ba ne, jin labarin daga bakin wani ne.

In ka gano bayan ka ba da kuɗi cewa an riga an sallama wa wani, kuma ba a gama takardu ba, ka janye ka karɓi kuɗinka. In an gama, ko kuwa da saninka ka yi, Matiyu 5:23-24 ya sa sulhu da ɗan'uwa a gaba da baiko. "Yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba. Mutumin ya yi hasarar da za a iya lissafawa: la'adar da ya biya, kuɗin lauya, ruwan rance, dabbar da ya karyar, hayar da ya saki. Zakka bai tsaya ga baki ba, ya mayar (Luka 19:8). Wani lokaci mayarwar ita ce a bar masa gidan a kan kuɗin da aka sallama masa.

Wanda aka yi wa kuma ya bi matakan Matiyu 18:15-17: shi kaɗai tukuna, sa'an nan da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan ikilisiya. Bulus ya tsawata wa Korintiyawa don suna kai juna kotu (1 Korintiyawa 6:1-8), saboda haka tsakanin masu bi a fara da dattawa. Neman kuɗinka daga mai gidan da ya riƙe su ba rashin gafara ba ne, kuma in ya kai ga lauya a je.

Dattawan da za su zauna a kan maganar su nemi abu uku kafin su ce kome: yaushe aka sallama, su wa ke wurin, yaushe kuma mai ƙari ya sani. Su ji daga mai gida da dillali da shaidu, ko da ba 'yan ikilisiya ba ne. Su kiyayi saurin cewa marar ƙarfi ya yi haƙuri don mai ƙarfin shi ne ya sayi kwanon rufin majami'a. In ɗaya daga cikin dattawan dangin wani ɓangare ne, ko kuwa shi ya yi dillancin gidan, sai ya tashi daga zaman a sa wani a madadinsa.